Tambaya da Amsa: "Surukina ya ce gidansu na Torino ba zai ɗauke mu mu uku ba"

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka fi taruwa a wajena duk na masu shirin zuwa Italiya ganin 'yan'uwa ne, da kuma waɗanda baƙin suka riga suka sauka a wajensu, sai na zaɓi guda huɗu. Ni a Torino nake zaune, can arewacin ƙasar kusa da iyakar Faransa, amma zaman gidan bene a Milan ko Brescia ko Padova duk kusan abu ɗaya ne.

TAMBAYA: Salamu alaikum 'yar nan, sannu da ƙoƙari. 'Yata ce take aure a garinku, ga ta da tsohon ciki kuma na fari ne, tunda ba halin ta dawo gida wanka sai mijin yace ni inje in zauna da ita wata biyu. Nace to zan taho da ƙanwata da wata jikata mai taya ni aiki, sai yace a'a ni kaɗai, wai gidan bazai ɗauke mu ba. Abin ya tsaya min a rai wallahi, mu da muke kwana mu takwas a ɗaki ɗaya in biki ya tashi, ace mutum yana Turai amma ba inda zai shimfiɗa tabarma biyu? Ko dai baya son dangin matarsa ne? Sannan me zan riƙo musu, na riga na bada aikin kilishi da man shanu. Daga wata uwa a Kano.

AMSA: Wa alaikumussalam Mama, Allah ya sauke ta lafiya. Dan Allah ki cire wannan zargin daga ranki, wanda baya son dangin matarsa bazai ce uwarta tazo ta zauna masa a falo har wata biyu ba, domin kuwa a falon zaki dinga kwana. Yawancin namu masu aikin kamfani ko ɗaukar kaya ko kula da tsofaffi abinda suke iya kamawa shine ciki da falo, nan bilocale ake ce masa, ɗakin kwana ɗaya, falo wanda kicin ɗin ma a jikinsa yake, sai banɗaki guda ɗaya tak. Ba tsakar gida, ba zaure, ba wani ɗan fili a baya da za'a fita a sha iska. A unguwanni irin su Aurora da Barriera di Milano inda baƙi suka fi yawa gidajen tsofaffin benaye ne hawa huɗu ko biyar, da yawansu babu lifta, wasu ma wata siririyar baranda ce ta zagaye kowane hawa ta ciki kuma ƙofar kowa a kanta take, in zaki shiga naki sai kin wuce ta gaban tagar maƙota. Kujerar falo ake buɗewa da daddare ta zama gado, da safe a naɗe. To ki duba, in surukin naki aikin safe yake ƙarfe biyar ya tashi, ta gefen gadonki zai wuce ya haɗa shayi, banɗakin da kika fito shi zai shiga. Ke kaɗai ɗin ma sai kun yi ta kauda kai saboda surukuta, ina ga ku uku ga maijego ga jariri.

Bayan ƙunci kuma akwai takardu, kuma wuyansa ne a ciki. Tun 1975 dokar gidaje ta ƙasar ta yanka murabba'in mita 14 ga kowane mutum a mutum huɗun farko, da wannan ma'aunin ake auna gidan baƙo in zai kawo iyalinsa, shi yasa zaki ga mazajen nan suna taka-tsantsan da maganar cika gida da mutane. Biza kuma kowa da fayil ɗinsa, kuɗinta yuro 90 tun watan Yunin 2024 kuma in an hana ba'a maidowa, ga inshorar lafiya wadda dole ta kai ta yuro 30,000, ga takardar gayyata da shi zai sa hannu ya haɗa da kwafin takardar zamansa. Uwa ɗaya da zata je wajen 'yarta mai haihuwa magana ce da ma'aikacin ofishin jakadanci a Abuja ko Legas zai gane nan take, amma mutum uku har da yarinya mara aiki zuwa ciki da falo, a ganina neman a hana ku gaba ɗaya ne. In kin sauka kuma cikin awa 48 dole ya sanar da 'yan sanda a rubuce cewa ya sauke ki a gidansa, in bai yi ba tara ce mai nauyi. Ki duba kwanakin da aka rubuta a jikin bizar da kyau, iyakarta kwana 90 cikin 180 amma sau da yawa abinda ake bayarwa bai kai haka ba, kuma in jirginki ta Faransa ko Jamus ya fara shiga to ki tuna masa ya kai ki Questura, wato babban ofishin 'yan sanda, cikin kwana takwas a rubuta zuwanki, wanda ya biyo ta Addis Ababa ko Alƙahira ko Istanbul ya sauka kai tsaye a Italiya shi baya buƙatar wannan.

Yanzu maganar wankan, wadda ita ce ta kawo ki. Ki manta da itace da babbar tukunya, ruwan zafi a famfo yake zuwa amma kowane ɗigo sai an biya kuɗin gas ɗinsa. Abinda nafi so ki riƙe shine ƙasan banɗakin nan bashi da rariya, wani ɗan waje ne mai ƙofar gilashi ko baho aka ware na wanka, nan kaɗai ruwa yake da hanyar fita, in kika kwara bokiti a kan tayil ruwan silin ɗin na ƙasa zai bi ya tsiyaya, gobe ki ga an buga ƙofa ana maganar kuɗin gyara da fenti. Ki sa 'yar kujerar roba a cikin wajen wankan ki gasa ta a nan, alwala ma a kwanon wanke hannu ko a cikinsa. Kusa da masai zaki ga wani ɗan kwanon tangaran mai famfo, na tsarki ne, kusan kowane gida a Italiya akwai shi, wannan kam zai miki daɗi. Kunun kanwa ki sassauta hannu Mama, likitocin Zariya sun daɗe suna alaƙanta yawan kanwa da ciwon zuciyar masu jego, kuma in tiyata aka mata ko ɗinki to a bi abinda ungozomar asibiti tace. In namiji aka samu kar a yarda wani yazo gida yayi masa kaciya, an rasa jarirai a ƙasar nan ta wannan hanyar kuma da yawansu 'ya'yan 'yan Afirka ne, a tambayi likitan yara inda ake yi.

Wuta ba'a ɗaukewa amma tana da iyaka, yawancin gidaje kilowat uku ne, in injin wanki yana aiki kika jona dutsen guga 'yarki ta kunna obin sai kiji ɗif, ba ɗaukewa akayi ba mita ce ta faɗi, kuma a wasu gidajen sai an sauka har ƙasan bene kafin a tada ta. Da jariri a gida injin wanki baya hutawa, sai ki dinga tambaya kafin ki jona wani abu mai zafi.

Tsaraba kuma, kilishin nan da man shanun a bar wa 'yan gida su ci, an hana shigo da nama da duk abinda aka yi da madara cikin jaka daga wajen Tarayyar Turai, dambun nama da cuku duk suna ciki, in an gani ƙwacewa za'ayi kuma ana iya cin ki tara. Busasshen kifi an yarda har kilo 20, zuma kilo biyu, dabino ma ba matsala. Ɗanyen ganye da kayan lambu tun Disambar 2019 sai da takardar lafiyar tsirrai, kenan ganyen darbejiya da goro kar ki wahalar da kanki. Ki maida hankali kan busassun kaya dakakku, kuka, kuɓewa, yajin jego, garin kunu, daddawa a ƙulle ta cikin leda biyu ko uku. Doya da manja da attarugu da garin rogo duk akwai su a shagunan 'yan Afirka na kewayen kasuwar Porta Palazzo. Magungunanki na hawan jini ko suga ki taho da wanda zai ishe ki har ki koma, a kwalinsu, tare da takardar likita.

TAMBAYA: Anti dan Allah ki taimaka min, a Brescia muke, surukata tazo sati uku kenan, mutuniyar kirki ce wallahi amma na rasa yadda zanyi. Da asuba tana jan kujeru tana shara, tana kunna wa'azi a waya da ƙarfi har dare, ta sa an nemo mata ɗan turmi tana daka, tsohuwar da take ƙasanmu ta fara buga silin da sanda, jiya kuma muka tarar da wasiƙa daga mai kula da benen harda maganar warin girki da shara. Ita kuma Maman kullum cewa take an kulle ta a kurkuku, rannan na same ta tana hawaye a taga. Ya zan mata magana ba tare da ace na raina uwar miji ba? Daga wata ƙanwarki a Brescia.

AMSA: Ƙanwata ba ke zaki faɗa ba, ɗanta ne zai faɗa, kuma kar yace matata tace, ya ɗauki wasiƙar ya zauna kusa da ita ya fassara mata yace Mama in aka kai ƙara karo na biyu da na uku mai gida zai iya ƙin sabunta mana haya, kuma kinsan yadda baƙar fata yake shan wuya kafin a bashi gida a ƙasar nan. Ba uwar da zata ji wannan ta ƙi sassautawa. Ita bata san cewa ƙasan ɗakinta rufin wani bane, duk rayuwarta ƙarƙashin ƙafarta ƙasa ce.

Kowane bene yana da nasa ƙa'idojin a rubuce, galibi a manne suke a bakin matakala kusa da akwatunan wasiƙa, lokutan shiru sun ɗan bambanta amma yawanci daga goman dare zuwa bakwai ko takwas na safe ne, da kuma bayan cin abincin rana. Gyaran bashi da tsada, akwai wasu 'yan ƙyallaye masu gam da ake mannawa a ƙafar kujeru, ki saya mata silifas mai laushi na cikin gida da abin sawa a kunne saboda wa'azin, turmin kuma a maye shi da bilenda, in dole sai an daka a ɗora shi kan tawul mai kauri da hantsi. Girki a kunna fankar da take saman murhu a buɗe tagar kicin a rufe ƙofar da take fita matakala, domin daddawa da busasshen kifi in suka shiga matakala har hawa na biyar ake jinsu. Shara ki raba mata da kanki ki nuna mata, ragowar abinci daban, takarda daban, roba daban, kwalba da gwangwani daban, in aka cakuɗa benen gaba ɗaya ake iya ci tara kuma maƙota sun san daga ƙofar wa ta fito. Wani abu da baki ambata ba amma nasan ana yi, turaren wuta a kasko da gawayi. Dan Allah kar ku kunna gawayi a cikin gidan nan, tagoginsu basa barin iska ta shiga ko kaɗan, duk lokacin sanyi sai an kwashi iyalai zuwa asibiti saboda iskar gawayi mai guba wadda bata da wari bata da launi, wasu a barci suke tafiya. Akwai kaskon lantarki, shi zaku saya.

Ita tsohuwar ta ƙasa kuma kar ki ɗauke ta abokiyar gaba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen Italiya sun haura shekara 65, da yawansu su kaɗai suke kwana suke tashi, kuma na sha ganin wadda ta fi kowa ƙorafi ta zama ita ce mai tambayar lafiyar yara. Ki soya cincin ko dubulan ki riƙo hannun Mama ku sauka ku ƙwanƙwasa mata, kice wannan uwar mijina ce tazo daga gida wata kaza zata yi, ki bata haƙuri. Ki koya wa Mama buongiorno da grazie ta dinga faɗa a matakala, nan ma gaisuwa tana da daraja sosai wajen manya.

Amma ni hawayen nan ne yafi damuna akan wasiƙar. Matar da ta saba kafin azahar mutum goma sun leƙo sun gaishe ta, yau ku fita aiki yara su tafi makaranta ta wuni ita da bango, ba kiran sallah ba sallamar maƙota, dole tace kurkuku. Ku fitar da ita kullum ko na rabin awa ne, lambun unguwa, kasuwar mako, rakiyar yara makaranta. Brescia cike take da 'yan Gana kuma a cikinsu akwai matan zango masu jin Hausa, ranar Juma'a ku kaita masallacin da yake titin via Corsica ki tambaya a ɓangaren mata, in ta samu tsara ɗaya da zasu dinga waya ko ziyara rabin ciwon ya tafi. Ki bata aikin da zata ji ana buƙatarta, tuwon dare ko kitson yara. Sai ki sa mata makulli a igiya ta rataya, saboda ƙofofin nan in suka rufu daga waje basa buɗuwa sai da shi, da takarda a jakarta mai adireshinku da lambar mijinki, ki kuma nuna mata 112, lambar kiran gaggawa, a wayarta.

TAMBAYA: Yaya ina gaisuwa. Wana yana Torino shekara da shekaru, nace ya turo min gayyata in zo ziyara in na shigo sai in zauna in nemi aiki, ya ƙi, yace zan ja masa. Gaskiya ne ko rowa ce? Daga wani matashi a Damagaram.

AMSA: Gaskiya ya faɗa maka ƙanina. Bizar ziyara bata bada izinin aiki kuma ba'a juya ta ta koma ta aiki, ranar da kwanakinka suka ƙare ka zama mara takarda, ba kwantiragin aiki ba hayar gida da sunanka, in aka kama ka takardar kora ce da hanin shiga duk ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, na shekaru. Sunan wanka ne a kan gayyatar, gobe in yace zai kawo mahaifiyarku wannan fayil ɗin za'a buɗe. Kuma tun 12 ga Oktoban 2025 aka fara sabon tsari a iyakoki na ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu, kwamfuta ce take ƙirga kwanakin mutum. Waɗanda suka bi hanyar da kake tunani da yawa a gonakin tumatir na Foggia ko na lemo a Rosarno, can kudancin Italiya, suke ƙarewa, suna kwana a bukkokin leda ƙarƙashin 'yan kamasho masu cinye rabin ladan. Hanyar aiki ta halal ita ce decreto flussi, gwamnati tana ware gurabe duk shekara kuma Nijar da Najeriya da Gana suna cikin ƙasashen da ake ɗauka, mai kamfani ne yake nema maka kana gida, sai dai ka kiyayi masu sayar da wannan takardar da miliyoyi, da yawa sun biya sun iso sun tarar kamfanin babu shi. In kana da takardun karatu ka duba ɓangaren jami'a ma. Ka ce wa wanka ya tambayar maka mai gidan aikinsa, wannan roƙon zai iya ɗauka.

TAMBAYA: Hajiya barka da war haka. Zan je wajen ɗana sati uku in sha Allah, damuwata sallah da abinci. Akwai masallatai? Kuma wane lokaci yafi dacewa da dattijo mai ciwon gwiwa? Daga wani malami a Zariya.

AMSA: Allah ya gafarta Malam, akwai wuraren sallah da yawa amma bazaka gane su daga titi ba, in ka cire irin babban masallacin Roma da aka buɗe a 1995 yawancinsu tsofaffin shaguna ne ko ɗakunan ajiya a cikin harabar gidaje, kuma ba'a kiran sallah a lasifika, don haka ɗanka ya sa maka jadawalin lokuta a waya tun ranar farko. A Torino masallacin Taiba na titin via Chivasso yana cika ranar Juma'a, a je da wuri, sallar idi kuma a filin shaƙatawa na Parco Dora ake yi ƙarƙashin wata ƙatuwar rumfar tsohon kamfanin ƙarfe, dubban mutane. Lokutan zasu baka mamaki, a watan Yuni sai tara na dare ta wuce ake magariba, isha wajen sha ɗaya, a Disamba kuwa kafin biyar na yamma rana ta faɗi.

Nama a saya a mahautan halal, suna nan birjik a kewayen Porta Palazzo. Wajen da ake zamewa shine burodi da kayan fulawa, wasu da kitsen alade ake yinsu, in ka ga strutto ko maiale ko suino a jikin leda ka ajiye, haka prosciutto da salame da mortadella in ba a mahautar halal aka saya ba. Ruwan famfo ana sha. In zuwanka ya faɗa babbar sallah kar kace a kawo rago gida, a mayankar da gwamnati ta amince kaɗai ake yanka, mahauci ake ba wa oda tun da wuri.

Lokaci kuwa ni Mayu ko Satumba zan zaɓar maka. Sanyin Torino daga Nuwamba zuwa Fabrairu mai shiga ƙashi ne ga hazo, hitar bene kuma a ƙa'ida daga 15 ga Oktoba zuwa 15 ga Afrilu take aiki kuma ba awa ashirin da huɗu ba, Yuli da Agusta kuma zafi ne mai gumi a gidajen da yawancinsu ba na'urar sanyi. Ka tambayi ɗanka tun yanzu hawa na nawa yake kuma akwai lifta ko babu, ka sani su hawan ƙasa basa ƙirga shi, in yace na uku to matakala hawa uku cur zaka taka, in babu lifta sai ku tsara fita sau ɗaya a rana a haɗa masallaci da kasuwa a ciki. Tikitin bas da tiram ana sayensa a shagunan taba masu alamar T a ƙofa, kuma da ka shiga ka taɓa shi a jikin na'ura, in masu bincike suka hau suka tarar ba'a taɓa ba tara zasu rubuta ko da tikitin yana hannunka.